Layukan da Baba Ya Tsallake

4 ga Maris

Baba da Mama,

Ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Baba, yaya ciwon ƙugun? Ina fata ka daina ɗaga katako kai kaɗai kamar ɗan shekara talatin. Mama, yaya ƙafa, yaya idanu? Mu nan lafiya lau. Surukinku yana gaisuwa. Jikokinku kuwa sun ƙi zama wuri ɗaya balle in karɓi saƙonsu. Ƙaramar ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya tafi da shaida a kafaɗa.

Aiki yana nan yadda kuka sani. A makon nan na karɓi haihuwa goma sha ɗaya, har da tagwaye, kuma kowa ya fita da ƙafarsa. Mun gode wa Allah.

Mama, karo na uku ke nan ina kawo maganar idonki, har yau ban ji amsa ba. Na gaya miki abin da ke damun ki yanar ido ce, ita ta rufe idon, kuma ana cire ta. Likitan ido yana zuwa asibitinmu sau ɗaya a shekara, a watan Yuli. Aikin bai kai awa ɗaya ba, bayan kwana biyu a kwance bandeji. Na ga tsofaffin da aka shigo da su ana riƙe da hannunsu, suka fita suna ƙorafin cewa bangon asibiti yana da datti. Amma sai an rubuta sunan mutum kafin ƙarshen Yuni, kuma ba zan rubuta naki ba sai kin ce to. Ki zo ki zauna da mu wata biyu ko uku, ki huta.

Wani abu kuma yana damu na. Na san idon ba ya barin ki ki yi rubutu, Baba ne yake karanta miki kuma yake rubuta amsarki. Amma matar da na sani, wadda in ta tsaya gaisawa da maƙwabciya sai abinci ya ƙone, ta yaya saƙonta ya koma layi uku? Ki yi mini magana, Mama, ko faɗa ne ki yi.

'Yarku


21 ga Maris

Uwata,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gidanki. Takardarki ta iso ranar Talata, mun ji daɗin jin kuna lafiya. Ƙugu da sauƙi. Katako kuwa ba ya ɗaga kansa, sai an ɗaga shi. Mahaifiyarki tana nan, ƙafar tana tashi in an yi ruwa, tana kwanciya in rana ta fito.

Shago ya yi shiru kwana biyu, sai ga wani malamin makaranta ya kawo aikin ƙyaure huɗu da tagogi shida. Ya auna da kansa, wai don ya rage mini wahala. Da na je na sa tef, babu ƙofa ɗaya da ta yi daidai da awonsa. Na ce masa, malam, ni ban taɓa shiga ajinka na koyar da lissafi ba.

A ikilisiya an gyara rufin da yake yoyo. Dattawa sun sake zaɓe na a matsayin magatakarda, ko da yake na roƙe su su nemi mai jini a jiki. Matar fasto ta haihu, namiji.

Wayar da kika aiko tana cikin durowa. Maganar waya iska ce, ana gama ta ta wuce. Takarda kuwa ana ajiye ta a sake dubawa. Ki ci gaba da rubutowa, ko da ba wani labari. Sai dai ki tausaya wa idon tsoho ki gyara wannan rubutu naku na asibiti, wanda sai mutum ya yi addu'a kafin ya gane shi.

Batun ido, kowane abu da lokacinsa. Tafiya da nisa, jikin kuma ba na da ba ne. A bar wa Allah.

Ga saƙon mahaifiyarki. Ta ce tana gaishe ki da maigidanki. Ta ce a shafa wa ƙaramar kai. Ta ce Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki


6 ga Afrilu

Mama,

Wannan takarda taki ce. Baba, ina gaishe ka, kuma ina roƙon ka karanta mata duka, kada ka rage komai. Mu nan muna lafiya, babban ya yi mura ya warke.

Na daɗe ina juya amsar da na samu. "A bar wa Allah" ba maganarki ba ce, Mama. Ke ce kika koya mini cewa Allah yana warkarwa ta hannun likita. Saboda haka na gane ba aikin idon kike ƙi ba, gidana ne ba kya son zuwa. Kuma ina jin na san dalili.

Shekara uku ke nan, amma ranar Lahadin nan tana gabana kamar jiya. Auta ya sha giya ya je wajen koyon waƙa a majami'a, ya mari shugaban mawaƙa. Dattawa suka yanke masa horon wata shida, ya koma bencin baya, kada ya ci gurasar jibin Ubangiji. Wani dattijo ya ce wa Baba ya ba shi takardar horon ya karanta wa ikilisiya a madadinsa. Baba ya ce a'a, ya karanta na 'ya'yan wasu, ba za a ce ya ɓoye nasa ba. Ina zaune kusa da ke lokacin da ya tashi gaban jama'a ya kira sunan ƙanena cikakke, da muryar da yake sanar da ranar sharar majami'a. Na ji hannunki ya yi sanyi a cikin nawa.

Auta ya zauna a bencin nan Lahadi biyar, ya tattara kayansa ya tafi neman aiki. Bayan wata huɗu zazzaɓi ya ɗauke shi a garin da ba mu da kowa. Gawarsa ce ta dawo mana.

Ranar jana'iza kina kuka kina cewa an kore miki ɗa, ni kuma na buɗe baki na ce, "Mama, Baba ya yi abin da ya wajaba a kansa ne." Kika zare hannunki daga nawa.

Ko maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba, ba ranar faɗinta ba ce. Uwa tana binne ɗanta, ni ina yi mata shari'a. Na yi kuskure, kuma ya daɗe yana ci na. Ki yafe mini saboda Almasihu. In ma ba za ki iya yafewa yanzu ba, ki zo a gyara idon, ki koma ba tare da kin yi mini magana ba. Na yarda da haka.

'Yarki


24 ga Afrilu

Uwata,

Salamar Allah ta kasance tare da ke da iyalinki. Muna lafiya. An gama ƙyauren malamin, saura tagogi.

Takardarki ta iso. Mahaifiyarki ba ta riƙe ki da komai ba, wannan ni na sani, ki kwantar da hankalinki. Amma ina roƙon ki kada ki ƙara tono wancan zance a takarda. Gyambon da ya fara bushewa ba a sa masa farce.

Ki rubuto mana labarin yara. Shi ne yake sa ta dariya.

Ta ce tana gaishe ku duka. Ta ce Allah ya tsare.

Mahaifinki


9 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Wannan takarda taka ce kai kaɗai.

Goggo ta sauka a gidanmu shekaranjiya, kan hanyarta ta komawa daga wurinku. Muna hira na tambaye ta, tunda ita ƙanwarka ce kuma Mama tana sakin jiki da ita, ko ta san abin da ya sa Mama ta ƙi aikin ido. Goggo ta ajiye kofin shayi ta dube ni. Ta ce, "Wane aiki? Matar da ta ce mini da a ce wannan ciwo yana da magani, da ta je ko da rarrafe ne?"

Baba, sau huɗu na rubuta. Ba ka karanta mata ba. Haƙurin da na ba ta, wanda na yi mako biyu ina neman ƙarfin rubuta shi, shi ma ba ta ji ba. Na yi wata uku ina zaton mahaifiyata ta yi fushi da ni, ashe ko labari ba ta da shi.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Amma na rasa yadda zan haɗa abin nan biyu a kaina. Mutumin da ya ƙi tsallake sunan ɗansa a gaban ikilisiya don kada a ce ya rage gaskiya, shi ne yake tsallake layi a takardar 'yarsa, a gaban matar da ba ta gani. Tana lalube a cikin ɗakin girkinta, tana ƙona yatsu a bakin tukunya, kai kuma maganin yana cikin aljihunka.

Na roƙi Goggo kada ta ce komai tukuna. Na nemi hutu a ƙarshen Yuni. Zan zo da kaina in ɗauki Mama, kuma ba na jin zan yi gaggawar maido ta. Kafin nan ba zan sake rubutowa ba, tunda ban san abin da yake isa kunnenta ba.

'Yarka


27 ga Mayu

Uwata,

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Jikinmu lafiya. Na fara wannan takarda sau uku ina yagawa.

Abin da Goggonki ta faɗa gaskiya ne. Ban karanta ba. Ba ni da hujja, amma zan gaya miki yadda abin yake, don ki san irin mutumin da kike fushi da shi.

Tun ranar da aka binne ƙanenki, ni da mahaifiyarki ba mu yi faɗa ba ko sau ɗaya. Da ma faɗan muka yi. Da safe ta ce, "Ga ruwa." In ce, "Na tafi shago." Da rana ta ce, "Abinci na kan tebur." Addu'ar safe da muka yi shekara talatin da takwas muna yi tare, yanzu kowa a ɗakinsa yake yin tasa. A majami'a muna zama benci ɗaya, mutane suna cewa ga dattijo da uwargida, abin koyi. Ba su san tsakanin kafaɗata da tata akwai tafiyar kwana uku ba.

Sai ranar da takardarki ta zo. Ranar nakan rufe shago da wuri, in wanke hannu, in fito da kujeru biyu baranda bayan abincin rana. In ce, "Takarda ta zo." Sai ta fito tana bin bango, ta zauna ta juyo da fuskarta wajena, don ta ji da kyau. In karanta. In na yi tuntuɓe a rubutunki ta ce, "Sake." Ranar da na karanta mata cewa ƙaramar tana cizon mutane, ta yi dariya har hannunta ya sauka a gwiwata, ta manta ta bar shi a nan. Ban motsa ba har na gama. A cikin wata guda, wannan ɗan lokaci ne kaɗai nake da mata.

Da na ga maganar ido, na ce a raina in ta warke za ta karanta da kanta, me kuma zai sa ta zauna kusa da ni? In ta je gidanki ta ga jikoki, me zai dawo da ita gidan da ba a magana? Akwai kuma na uku, wanda ya fi ba ni kunya. Ranar da na karanta sunan yaron nan, da na ɗaga kai daga takardar, ta dube ni. Wannan kallo ban manta da shi ba. Tunda yanar ta rufe idon na huta da shi, kuma ina tsoron ya dawo.

To kin ji. Na bar matata cikin duhu don in samu inda zan ɓuya.

Wani abu kuma da ba wanda ya sani. Ni nake zagawa da farantin gurasa ranar jibin Ubangiji. Shekara uku ina miƙa wa mutane, ban ɗauki ko gutsure ba. Mai riƙe da faranti ba a lura da bakinsa. Ɗana ya mutu a ƙarƙashin horo, ban ga da wane baki zan ci abin da na hana shi ba.

Mako bakwai ke nan ban fito da kujerun ba. Kowace Talata takan tsaya a ƙofar ɗakin girki ta ce, "Takarda ba ta zo ba?" In ce ba ta zo ba. Ki rubuto, Uwata, ko layi biyar ne. Zan karanta duka.

Mahaifinki


8 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya. Na karanta takardarka a ɗakin hutunmu na asibiti, sai da wata abokiyar aiki ta karɓe ni aiki na ɗan lokaci.

Fushina ya sauka. Na kuma ga nawa laifin. Na tashi zan raba ku da sunan taimako, ban ko tsaya na tambayi abin da ke tsakaninku ba. Ka yafe mini zafin bakina.

Amma ba zan rubuto wa Mama ba tukuna, kuma ba don horo ba. Shekara uku ke nan da muryata kake yi mata magana. Muddin ina aiko maka da kalmomi, ba za ka nemi naka ba.

Baba, kai ka koya mana tun muna yara cewa Almasihu bai jira mu gyaru ba kafin ya zo wurinmu. Ka koya mana cewa teburinsa na masu zunubi ne da suka tuba, ba na waɗanda suka ci jarrabawa ba. Dattawa sun yanke wa Auta wata shida. Wa ya yanke maka shekara uku? A wane zama aka yi, wa ya sa hannu? Ka ɗauki abin da Ubangiji ya riga ya ɗauka a kan gicciye, ka ce sai kai za ka ɗauka, ga shi nauyin ya faɗa a kan idon Mama.

Saura kwana ashirin da biyu a rufe rubuta suna. Ni ba zan gaya mata ba, Goggo ma ba za ta gaya mata ba. Daga bakinka ya kamata ta ji. Ina yi muku addu'a safe da yamma.

'Yarka


19 ga Yuni

Uwata,

Yabo ga Allah mai jinƙai. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, ko da yake ba mugun labari ba ne.

Takardarki ta zo, na karanta a shago na sa a aljihu. Na yi kwana huɗu ina shirya magana. In na shigo gida na buɗe baki, sai in ji na ce, "Na dawo." Mutumin da ya yi shekara ashirin yana karanta sanarwa a gaban mutum ɗari uku, ya kasa haɗa jimla ɗaya a gaban matarsa. Ashe ni ban iya magana ba sai da takarda a hannu.

Ranar Talata ta tsaya a ƙofar ɗakin girki ta yi tambayarta. Sai na ji bakina ya ce, "Ta zo." Taki ba ta karantuwa gare ta, tunda tawa ce. Na koma shago na ɗauko takardar da ta fara zuwa hannuna, ashe awon tagogin malamin nan ne. Na fito da kujeru. Ta zauna ta juyo da fuska.

Na riƙe awon taga na fara, "Mama, ina gaishe ki." Na ce yara suna lafiya. Daga nan na faɗi duk abin da na tsallake, don na haddace shi saboda yawan dubawa: likitan, watan Yuli, bandejin, haƙurin da kika ba ta. Sai na ce, "Baba ya ce in gaya miki shi ne ya ɓoye wannan magana tun watan Janairu." Na ce, "Baba ya ce ya ji tsoro ne." Ban san inda na daina cewa Baba ya ce ba. Na dai ji kaina ina cewa, "Da na ba wani ya karanta. Da na sauko na zauna kusa da shi a bencin baya. Na tsare sunana na saki ɗana. Na yi miki laifi, na yi masa, na yi wa Allah. Ki yafe mini."

Takardar tana hannuna. Ta miƙo hannu ta lalubo ta, ta karɓa, ta kai hanci. Ta ce, "Takardar 'yata warin asibiti take yi. Wannan ƙurar katako ce." Ta ce, "Kuma yau ba ka yi tuntuɓe a rubutu ba ko sau ɗaya."

Na ce, "Ƙarya na yi. Ba takardar da ta zo miki."

Ta ce, "Ta zo. Shekara uku ina jiran ta."

Mun zauna a barandar har inuwa ta bar mu ta koma bango. Abin da muka faɗa a kan ƙanenki namu ne, ba zan rubuta ba. Mun yi kuka irin wanda ya kamata mu yi tare tun ranar jana'iza.

Na je na gaya wa fasto komai, har da ƙaryar takardar. Ya ce ƙaryar in tuba a kanta, sauran kuwa in gode wa Allah.

Mahaifiyarki ta ce za ta amsa miki da kanta, kuma in na rage kalma ɗaya za ta sa matar fasto ta duba. Ga tata a haɗe.

Mahaifinki


19 ga Yuni

'Yata,

Ni ce da bakina, babanki alƙalami ne kawai. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida mai cizo da yayanta. Ƙafa da sauƙi. Ido kuwa kin san inda yake.

Maganar da kika yi ranar jana'iza, na ji zafinta a ranar, amma ban kai ta gida ba. Wata uku kina kuka a kan abin da na manta. Na yafe, kuma ki daina.

Yanzu ki ji nawa. Na san yana tsallake wani abu. Makauniya ba kurma ba ce. Ina jin takarda biyu a hannunsa, karatun ɗaya da rabi nake samu. Ban tambaya ba, don in na tambaya na yi masa magana ke nan, ni kuma na rantse a raina ba zan ba shi wannan ba. Layi ukun da kike samu ma ba shi ya rage ba, ni ce ban so ya ji abin da ke cikina. Da girman kaina na sayi rabin makantata.

Akwai wanda ya fi wannan. Shekara guda kafin abin ya faru na san Auta yana sha. Ni nake buɗe masa ƙofar baya, ni nake wanke rigar kafin babansa ya gani. Na ce yaro ne, zai daina. Da ya mutu na rasa inda zan ajiye wannan, sai na ɗora duka a kan babanki, tunda nasa laifin kowa ya gani, nawa ba wanda ya gani. Ya tsaya da rubutu yana cewa wannan bai kamata ya shiga takarda ba. Na ce ya rubuta.

Ba zan ce miki komai ya wuce ba. Jiya da safe na tashi da fushin nan a ƙirjina kamar kullum. Bambancin shi ne na gaya masa, shi kuma ya zauna ya ji. Daga nan muka durƙusa wuri ɗaya. Ya fara addu'a ya kasa, na ƙarasa. Kullum muna roƙon Ubangiji ya gafarta mana yadda muke gafarta wa wasu, ni kuwa shekara uku ina faɗin wannan da baki ina fatan kada ya ɗauke ni da gaske. Ban gama yafewa ba, amma na fara, kuma wanda ya yafe mini zai taimake ni in ƙarasa.

Ranar Lahadi akwai jibin Ubangiji. Na gaya masa in ya kawo farantin gabana, hannuna ba zai tashi ba sai na ji ya ɗauki nasa. In ya ga dama mu tsayar da ikilisiya duka tana jira.

Ki rubuta sunana wurin likitan. Amma ba sai kin zo ɗauka ta ba, akwai mai riƙe mini hannu. Ki shirya wurin mutum biyu, kuma ba wata uku za mu yi ba, shago yana jira, gida ma haka.

Ranar da za a kwance bandejin, ke ki tsaya a gefe, jikokin ma su jira. Shi zai tsaya a gabana. Ya gaya mini yana tsoron kallon da zan yi masa. Ni ma ban san irin wanda zai fito ba. Amma Goggonki ta ce kansa ya yi fari fat, kuma ni ban ga lokacin da hakan ta faru ba, alhali muna gida ɗaya. Ina so in gani.

Mahaifiyarki,
da hannun mijina